Robar da Nake Miƙa Masa da Kunu

Salamu alaikum. Masu tambaya ina Hadiza ta shige shekara biyu, to ga ni. Ina ɗauke da cutar ƙanjamau, kuma na faɗa da bakina kafin 'yan gulma su taya ni.

Mijina na fari ya rasu ya bar min yara biyu, ko tiyar gero babu. Da wani falken shanu mai bin hanyar Kongolam ya fito neman aurena, na ce a yi gwaji tukuna. Baba ya ce in rufe baki, mai neman rufin asiri ba ya gindaya sharaɗi.

Haka aka ɗaura auren ba gwaji. Kullum da safe ni ke miƙa wa maigidan kunu da wata robar magani da aka kankare rubutunta. Wai na olsa ne. In ya tafi fatauci, nan yake barin ta sati biyu, uku.

Sai zazzaɓi, sai gudawa, sai rama, ga ciki wata huɗu. Sau uku ina roƙon izinin zuwa asibiti, yana cewa jiƙo ya isa. Da na faɗi a bakin murhu, washegari na sayar da akuyata na hau kabu-kabu zuwa Daura.

Yankar kati, layi, ɗibar jini. Nas ta zaunar da ni ta faɗa min. Wallahi na tsorata, musamman saboda abin da ke cikina. Ta ce in na riƙe magani, da yardar Allah zai tsira, kuma maganin kyauta ne.

Ta miƙo min roba, na buɗe. Ƙwayar nan ce sak. Ashe ya sani tun kafin a ɗaura.

Na koma gida na dire tawa kusa da tasa.

Ya ce, "Wa ya ba ki izinin fita?"

Na ce, "Wanda ya ba ka izinin yin shiru."

Ya rubuta min saki, na karɓa ban zubar da hawaye ba.

Yanzu awara nake toyawa, jikina ya murje. Makon jiya aka yi wa 'yar da na haifa gwajin ƙarshe, ba ta ɗauka ba. Alhamdulillahi. Nas ɗin nan da Yaya Binta da ta ba ni ɗaki, Allah ya biya ku.

Mata, ku yi gwaji kafin aure ko da yunwa na cin ku. Masu ciki, ku je awo. Mai shan magani, kada ki tsallake rana.

Robata tana kan taga, kowa ya shigo ya karanta. Ni ban kankare rubutun ba.