Robar da Ragon Layya Ya Haɗiye

Ɗiyata ta fari ba ta sha nono ya ishe ta ba. Tana tsakiyar koyon tafiya uwarta ta sake samun ciki, kuma a ƙauyenmu, nan kusa da Ketare, in ciki ya shiga sai yaye, don an ce nonon ya lalace. Rana ɗaya aka cire ta. Ta yi kuka har muryarta ta dushe. Ranar kasuwar Sheme ƙanwar matata ta sayo mata robar tsotso mai jan zobe, aka ɗaura mata zare aka rataya mata a wuya. Daga ranar gidan ya samu lafiya.

A lokacin ne tunkiyar matata ta haifi ɗan rago fari mai baƙin kunne. Tare suka taso da yarinyar. In an zuba mashi dusa ita ke riƙe kwanon. In rana ta yi zafi sai ka same ta a turke, ta jingina da cikinsa, roba a baki, hannu ɗaya riƙe da kunnensa. Ba ta sa mashi suna ba. "Nawa" kawai take ce mashi.

Ta kusa shekara uku ba ta bar robar ba. Ni ban damu ba sai da aka fara yi mani ba'a a majalisarmu ta gindin bedi. Wata rana ta biyo ni tana tsotso, sai wani dattijo mai facin taya ya dube ta.

"Malam, wannan ɗiyar taka ko injin ban ruwa ce? Kullum da tiyo a baki."

Aka kwashe da dariya. Wani ya ce haƙoranta za su turo waje kamar na zomo. Na yi dariya tare da su, amma na koma gida raina a ɓace. Ni mutum ne da ba ya jure a yi mashi dariya, sai dai ya yi wa wani.

Na ce wa matata a raba ta da abin nan kafin Babbar Salla.

"Ka bari a bi ta a hankali," in ji ta. "Da rana a ɓoye, in za ta yi barci a ba ta. Wata rana da kanta za ta manta. Yanzu fa ƙaninta ya ƙwace mata nono, ya ƙwace mata baya. Mi ya rage mata?"

Ban saurare ta ba. Washegari yarinyar na barcin rana, na sa reza na yanke zaren, na cusa robar cikin jinkar rumbu.

Da ta farka ta shafa wuyanta. Ta ɗaga tabarma, ta leƙa turmi, ta leƙa cikin takalmina. Sannan ta zo ta tsaya gabana.

"Baba, ina robata?"

Na ɗaga kai, sai ga ragon kwance yana tuƙa, muƙamuƙinsa na juyawa.

"Naki ne ya haɗiye," na ce. "Ba ki gan shi yana tauna ba?"

Ta juya ta dube shi, ga shi kuwa yana tauna. Ta tafi ta durƙusa gabansa, ta kama leɓensa tana buɗewa. "Nawa, ba ni. Ba ni mana." Ya kawar da kai ya ci gaba da tuƙarsa.

Ba ta yi irin kukan da na zata ba. Kowace safiya sai ta ɗauki tsinke ta je turke tana tona kashinsa ɗaya bayan ɗaya. Da ta gaji da wannan ta daina riƙe mashi kwano. Daga baya ta samo karan dawa ta fara dukansa a hanci. Shi kuwa da ya hango ta sai ya miƙe ya nufo ta har igiya ta ƙare, ta buge shi, ya ja baya, gobe ya sake.

Na kai labarin majalisa, ya yi kasuwa. Har na riƙa ɗauko ta don su ji da kunnensu.

"'Yan mata, wa ya cinye maki roba?"

"Nawa."

"To yanzu ya za a yi a fiddo ta?" ƙanena ya tambaye ta. Sai ya amsa da kansa ya ce, "Ai sai an yanka shi."

Ta juyo gare ni ta kama rigata. "Baba, yanka shi."

Mai faci ya yi dariya har da tari. Na ce mata sai Salla. Tun daga nan kullum sai ta tambaye ni ko yau ce Salla.

Matata ta tare ni a ƙofar ɗaki. "Malam, ka ji tsoron Allah. Ka ce mata kai ka jefar. Ta yi kukanta ta gama."

"Ai ta daina kuka."

"Kai dai ka daina ji," ta ce, ta shige.

Ranar Salla muka dawo daga idi. Yarinyar ta sha sabuwar riga, ƙafa da lalle. Ita ta fara isa turke, tana tsalle, har tana taya ƙanena jan igiya. Yanzu in na tuna, ina jin a wajenta yanka kamar kwance bakin buhu ne, a ɗauki abu a sake ɗaurewa. Ba wanda ya gaya mata, ni ma ban gaya mata ba.

Muka kayar da shi, na yi bisimilla na sa wuƙa. Jini ya yi tsiri, ragon ya yi ta shure-shure yana tona ƙasa da kofato. Tsallen yarinyar ya tsaya. Ta sa yatsu biyu a baki, ta tsaya nan inda take har ya daina motsi.

Tun da safe na ciro robar daga jinka na sa a aljihu, don in ƙarasa wasan gaban maƙwabta da suka zo taya fiɗa. Da ƙanena ya farke tumbi a bayan gida, harawa da dusa suka zubo har da guntayen leda, sai na duƙa kamar ina taya shi na tura ta ciki.

"Kai! Ga ta nan!" ya yi ihu. "Zo ki gani, ɓarawon ya amayo!"

Ta zo a hankali. Ta sa hannu cikin ƙazantar ta ɗauko. Ta jawo buta da kanta ta wanke ta. Muna tsaye muna jira ta sa a baki, kowa ya tanadi dariyarsa.

Sai ta wuce mu ta nufi gindin katanga, inda aka aje kan ragon kafin a babbake. Ta tsuguna. Ta buɗe leɓensa kamar yadda ta yi ranar farko, ta tura robar tsakanin haƙoransa.

"Nawa, ungo. Na bar maka." Ta ja baƙin kunnen. "Tashi. Na ce na bar maka."

Maƙwabta suka fashe da dariya, ni ma na yi. Matata ta fito da goyo a baya, ba ta dubi kowa ba, ta sunkuci yarinyar ta shiga ɗaki. Kan ragon ba a dafa shi a gidana ba, ta aika da shi maƙwabta.

Yarinyar ba ta sake tambayar roba ba. Da aka zo kan ƙaninta, uwarsu ta bi tata hanyar, ta ɓoye da rana ta ba shi lokacin barci, har wata rana ya jefa ta cikin kwata da kansa bai waiwaya ba. Amma a majalisa tawa dabarar ake yabo. Har yau in wani ya yi ƙorafin ɗansa ya ƙi barin tsotso, sai mai faci ya nuna ni ya ce a zo wajena.

Yanzu tana firamare. In tunkiya ta haihu ba ta zuwa kusa da turke. Sallar bara ina zaune ina wasa wuƙa, ƙaninta yana shafa ragon da za a yanka, sai na ji ta ce mashi, "Kar ka saba da shi. Ni ina da nawa da, ni na ce Baba ya yanka shi."

Ta faɗa ne ba kuka, kamar mai ba da labarin abin da kowa ya sani. Matata tana bakin murhu, ta ɗago ta zuba mani ido tana jira. Na buɗe baki, sai na ji ana sallama a ƙofar gida, masu taya fiɗa sun iso. Na amsa masu, na ɗauki wuƙar na fita.