Sunan da Labbo Ya Kai Birni

Yayana Labbo ya mutu ina fushi da shi, kuma ba zan yi muku ƙarya in ce fushin ya bi shi kabari ba. Yana nan inda ya bar mini shi. Duk wanda ya tuna Labbo Tela a Mafara sai ya fara da dariya, to ku yi abinku, ni ma zan taya ku. Amma ni ce ƙanwarsa Kulu, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ni ya yi wa laifi.

Ku da kuka san rumfarsa ta bakin kasuwa kun san halinsa. Baƙo bai isa ya gama gaisuwa ba. Ana cikin "ina gajiya, ina iyali" sai ka ji ya tsayar da keken ɗinki.

"Bawan Allah, mi as sunanka?"

"Muhammadu."

"A'a, wanga na liman ne. Ba na yanka nike tambaya ba. Wanda kakarka ka kiranka in ka yi ɓarna."

In mutum ya yi ta noƙe-noƙe har ya ce Tunau, ko Ajuji, ko Cindo, sai Labbo ya miƙe kamar an yi masa albishir, ya ɗauki allin da yake zana yadi ya rubuta a bango. Bangon rumfar nan har sama sunaye ne. Matarsa Hajo, mutuniyar Bakura, ta sha cewa da alli abinci ne da bangon nan ya fi ta ƙiba.

Shigarsa harkar talabijin ma ta hanyar ɗinki ce. Lokacin da aka fara aikin dam ɗin Bakolori garin ya cika da baƙi, har wani mai shagon kayan mota ya sayo akwati yana kunna shi da batir bayan magariba, a shimfiɗa tabarmi, maza gaba mata baya. Wasu masu wasan kwaikwayo da ke kai wasanninsu birni a ɗauka suka kawo wa Labbo ɗinkin riguna. Yana auna su yana zagin labarinsu, har shugabansu ya gaji ya ce to Malam, in ka fi mu iyawa rubuto naka. Ai kuwa ya rubuto. Tun daga nan duk wata sai ya aika musu da labari cikin littafin 'yan makaranta.

Yana da dokarsa ta sunaye, kuma ko ba ka tambaya ba sai ya karanta maka ita.

"Labari riga ne. Su Audu da Hauwa da Musa su ne yadi. Baƙon suna shi ne aikin wuya. Riga ba aiki, likkafani. Riga duk aiki, mahaukaci ka sa ta."

Da farko ba ya duba wa ya ba wane. Sai da ya sa wa ɓarawon akuya suna Garba, aka kuma yi rashin sa'a wanda ya fito a wasan yana ɗingishi. Washegari ga Garba mahauci a rumfa, da ɗingishinsa, da wuƙarsa ko jini bai goge ba. Ina wurin, na zo ganin gida na kawo wa Labbo fura. Kafin in ajiye ƙwarya yayana ya shige ƙarƙashin keke, ƙafafunsa kawai ake gani.

"Hito, Labbo! Yau sai ka hwaɗa mini akuyar wa nis sata!"

Daga can ƙasa muka ji muryarsa. "Garba, tsakaninka da Allah, Garba nawa ag garin nan?"

"Ina ruwana!"

"Duk sun kalli wasan jiya. Kowa ya yi dariya ya kwanta. Kai ɗai kat taho da wuƙa. To ina akuyar?"

Mutanen kasuwa har da masu zama ƙasa don dariya. Sai da dattawa suka shiga tsakani, Labbo ya ɗinka masa wando na ban haƙuri. Daga ranar ya ƙara wa dokarsa kashi na biyu: mutumin kirki a ba shi sunan da kowa ke da shi a gida, marar gaskiya a ƙera masa wanda ba a taɓa yanka wa rago ba.

Haka ya ƙera Kwaɓau, wani mugun dillali mai haɗa faɗa tsakanin maƙwabta. Kwana uku yana juya sunan a baki yana jin daɗi, wai duk ƙasar Hausa babu mai shi. Ba a yi wata biyu ba sai ga wani dogon tsoho da sanda, tun daga Kaya ya tako da ƙafa. Ya yi sallama, ya zauna, ya sha ruwa, ya gaishe da Labbo gaisuwa mai tsawo har da tambayar kaji. Sannan ya ce, "Ni ne Kwaɓau."

Hajo ta ce Labbo har ya fara leƙen ƙarƙashin keke.

"Ba hwaɗa ya kawo ni ba," in ji tsohon. "An ce ka sa ni cikin akwati ina haɗa husuma. To wanga ba komi, na taɓa yi da ƙuruciya. Abin da nika roƙo, ina neman wata bazawara a Maradun, danginta sun hwara magana. Don Allah ka sa in tuba kahin damina."

Labbo kuwa ya sa shi ya tuba. Har limanci ya ba shi a ƙarshen labarin. Da aka ɗaura auren tsohon ya aiko masa da zabi biyu.

Wanda bai taɓa yafe wa ba shi ne ɗan baffanmu Nomau. Ya samu aikin gadi a wurin masu dam, aka ba shi hula mai baki, sai ya ce daga yau sunansa Nu'umanu. Kafin nan ya kawo yadi an auna shi. Ya zo karɓa ana jibi Sallah.

"Yaya Labbo, Nu'umanu ne, na zo karɓar wandona."

Labbo ya buɗe littafin awo ya duba sama ya duba ƙasa. "Babu."

"Haba Yaya, ga shi can rataye!"

"Wancan na Nomau ne. Nomau nig gwada, Nomau zan ba. In ka gane shi can wurin aikinku ka turo mini shi."

Da tsohon wando ya je idi. Wandon nan yana rataye a rumfa har rana ta cinye launinsa.

To kun yi dariya. Yanzu ku saurari nawa.

Ni a wani ƙauye na bakin gulbi wajen Maradun aka kai ni aure. Gonar maigidana tana cikin waɗanda ruwan dam ya hau. Fadama ce, ta kakanni, kabarin mahaifinsa yana gefenta ƙarƙashin tsamiya. Ranar da masu awo suka zo da sandunansu ya tsaya bakin kunya ya ce musu, "Ku tai ku auna ruwa in kuna iyawa. Gona kam an auna ta tun kakana." Aka tashe mu aka kai mu kan tsakuwa, inda ko ƙaya sai ta yi da gaske take fitowa. Wata safiya ya fita tare da sauran manoma zuwa bakin dam don su faɗi kukansu. Bai dawo ba. Aka ce an buɗe musu wuta. Ban ga gawa ba, ban san kabari ba. Na yi takaba a kan maganar mutane. Da na gama Labbo ya zo da kansa ya kwashe ni da 'yata Asabe, ya ba mu ɗaki a gidansa.

Kun san mace irin tamu ba ta faɗin sunan mijinta. Ni ban taɓa ba, ko yana da rai ko bayan nan. Da can ba komai ba ne, don duk gari na kiransa. Amma bayan abin da ya faru mutane suka ji tsoro, ko danginsa sai su ce "marigayi" su waiwaya. Mutum ba kabari, ba gona, sunansa ma ba mai furtawa. Asabe tana tasowa ba ta taɓa jin an kira ubanta ba.

Ran nan Labbo ya zo ƙofar ɗakina ya tsuguna, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce ya rubuta labarin manomin da ya ƙi barin tsamiyarsa, kuma yana son ya sa masa sunan mai shi, in na yarda.

"Sunan kirki ne, Kulu, kowace unguwa akwai shi, ba wanda za ya kama mu da laihi. Amma ke kin sani, ni na sani. Za a hwaɗe shi duk ƙasar nan ta ji shi. Masu awon ko, kin ga sunayen da niƙ ƙera musu? Ko kare ba ya amsawa."

Na yarda. Ni da bakina na ce a kai.

Ranar da za a nuna na yi wa Asabe kitso, na sa zanen da ban taɓa sawa ba tun fitata takaba. Muka zauna baya cikin mata, tana kan cinyata. Aka fara. Masu awo suka fito cikin fararen kaya, fes da su, ɗaya Alhaji Mustafa, ɗaya Malam Aminu, suna magana a hankali kamar masu wa'azi. Sai ga manomin. An sa masa yagaggiyar hula, an cusa masa tsumma a ciki, bakinsa a buɗe miyau na zuba. Alhaji Mustafa ya ce, "Kai, Hangamau!"

Hangamau. Wurin ya ɗauki dariya. Ya rungume tsamiya yana birgima, sannan ya buɗe bakin nan ya faɗi maganar maigidana, kalma ɗaya ba su sauya ba. Ku tai ku auna ruwa. Maza har da tafi. Asabe ta ƙyalƙyale a kan cinyata, ta juyo tana jan mayafina. "Inna, dubi wawa! Inna, dubi!"

Na tashi da ita. Labbo ya biyo mu har gida yana rantsuwa, hularsa a hannu. A tsakar gida na juya na ce masa, "Kai ka ba su sunan nan. Yana ajiye a wurina ba abin da ya same shi, kai ka zo ka karɓa." Wannan ita ce magana ta ƙarshe da na yi da yayana.

Ya hau mota ya je birni, kwanansa biyu. Hajo ce ta ba ni labarin abin da shugaban 'yan wasan ya ce masa. Wai Malam Labbo, mutumin ƙauye da sunan kirki ba ya ba mutane dariya, kuma ma'aikata ba a yi musu laƙabi a talabijin. Da Labbo ya ta da murya sai mutumin ya ce, "Ai dokarka muka bi. Kai ka koya mana baƙon suna na marar gaskiya ne. Mun dai duba wa ke jayayya da hukuma."

Bai sake aika musu da ko layi ɗaya ba. Ya ɗebi ruwa ya wanke bangon rumfarsa tas. Baƙo ya zo ya gama gaisuwa ya tafi ba a tambaye shi komai ba.

Shekara huɗu muna gida ɗaya. Ina dafa masa tuwo, Hajo ta kai. In ya ɗinka wa Asabe riga ya rataye a zana, in ɗauka. Bai fasa gwada ni ba kuwa. Sai ya tsaya bayan zana ya maƙe murya.

"Salamu alaikum. Ba Labbo ba ne, Labbo ɗan banza ne. Kwaɓau ne daga Kaya, na zo gaida Kulu."

Nakan cusa zane a baki don kada ya ji dariyata. Ban taɓa amsawa ba. Ina cewa gobe. Ciwon ƙirji ya kama shi da damina, kwana tara. Na yi masa kunu, na yi masa fifita, na riƙe masa kai yana tari, amma bakina bai buɗe ba. Rana ta tara kuma da bakin ya buɗe babu mai ji, ya riga ya cika.

Bayan sadakar uku Hajo ta shigo ɗakina da wani abu naɗe cikin ƙyallen yadi. Littafin 'yan makaranta ne. Ashe da ya je birni bai baro wurin ba sai da ya ƙwato shi.

"Ya ce in ba ki. Ya ce sunan na ciki yadda yar rubuta shi, ba a taɓa ba."

Na buɗe. Baƙaƙe ne birjik kamar sawun tururuwa. Na san yana nan, wataƙila a kowane shafi, wataƙila ƙarƙashin babban yatsana, amma ban san wanne ba ne. Hajo ta ce a kira malamin makaranta na maƙwabta ya karanta mana. Na ce a'a. Sau ɗaya na ba wani riƙonsa, na ga abin da aka yi da shi.

Allah Ka jiƙan Labbo. Ka yafe masa, ni ma Ka yafe mini shiruna. Ya so mu, ya rufa mana asiri, abin da ya nufa alheri ne. Ranar da za a kira kowa da sunansa da na ubansa, Ka sa a kira shi cikin mutanen kirki, shi da wanda ya fita bai dawo ba.

Washegari da hantsi na ɗauki littafin na tafi ajin yaƙi da jahilci da ake yi wa mata a zauren mai unguwa. Duk na girme su. Malamar ta ce, "Inna, me kike son ki koya, lissafi ko wasiƙa?"

Na ce akwai sunan da nake nema a cikin nan.

"Wane suna? Faɗa mini in nuna miki yanzu."

Na ce, "Ke dai fara daga farko. In na iya ni zan nuna miki."

Ta miƙo mini allo da alli, na gyara zama.