Kwamfuta ta ƙarshe mai ɗauke da sunan Shehu

Shekara bakwai ke nan cif da muka kai aminina Shehu makwancinsa a nan Illela. Ban yi niyyar rubuta komai a kansa bana ba, sai ga shugaban wata Islamiyya da ke Garu ya iso shagonmu da tsohuwar kwamfutar makarantar a bayan babur. Sabuwar firintar da suka samu ta ƙi aiki da ita, ga jarrabawa ta matso. Ina kunna ta na ga sunan Shehu, domin duk wanda ya haɗa kanel, sunansa kan zauna a cikinsa. Gyaranta na nufin in sa sabo, nasa ya tafi.

Kanel shi ne zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Ɗanyen rubutunsa kyauta ne, sai dai a haɗa shi kafin ya yi amfani. Mu uku muke aikin a lokacin: ni, da Shehu, da Idi mai ƙetarowa daga Ƙonni. Rubutun yana folda ɗaya a babbar kwamfutar shago, kowa daga nan yake ɗiba. Dokar Shehu ita ce ba a haɗa komai a cikin wannan foldar. Kowa ya buɗe tasa a gefe, ya ajiye zaɓinsa na abin da kanel zai ƙunsa a can, tarkacen aikinsa ma ya zube a can. Kamar buhun geron gida ne, kowa ya ɗibi nasa ya daka a turminsa.

Ranar da Idi ya yi gaggawa ya haɗa a ciki, aikin kowa ya tsaya sai da aka share wurin. Shehu bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "Mi yak kai ka ciki, Idi? Wurin ga na kowa na." Mun daɗe muna tsokanarsa da Sarkin Tsafta, yana dariya, bai kuma sassauta ba ko sau ɗaya.

Abin da ke ci mini rai shi ne tsaftar nan ce ta raba mu da aikinsa. Shehu ya iya rage wa kanel nauyi har kwamfutar da aka yar ta tashi tana gudu, da haka ya rayar da na makarantu da dama. Amma duk zaɓin da ya yi yana cikin foldarsa, a laftof ɗinsa. Da aka raba gado kwamfutar tasa ta faɗa hannun ƙaninsa, shi kuwa ya sa aka goge ta tas, bai san abin da ke ciki ba. Na koma foldar tarayya na bincika ko zan tsinci wani abu nasa. Tana nan kamar ranar da muka sauke ta, ko alamar yatsansa babu.

Kwamfutocin da ya raya sun mutu ɗaya bayan ɗaya, wannan ta Garu ce ta rage. Da yana raye na san zai yi mini dariya. Zai ce yara na jiran takardun jarrabawa, ni kuma na zauna ina kallon suna. Yau masu gyara sun cika bakin kasuwa, kaɗan ne ke damuwa da inda suke zubar da tarkacensu, kuma ina jin wannan zai fi ɓata masa rai fiye da gogewar sunansa.

Kwana biyu kwamfutar tana kan teburina ina kawo wa malamin uzuri. Da ya dawo, sai ya dube ni ya ce, "Malam Nasiru, in ba ta gyaruwa ka hwaɗa min."

Na ce masa tana gyaruwa. Na buɗe foldata a gefe kamar yadda na saba, na haɗa sabon kanel, firinta ta kama aiki. Nawa bai kai nasa sauri ba, kowa zai gane haka. Malamin ya yi godiya, ya ɗaure ta a bayan babur ya nufi Garu, da sunana a cikinta.

Allah Ya jiƙan Shehu, Ya haskaka makwancinsa.