Ashe Ba Tsamiyar Ba Ce

Damina goma sha biyu ke nan da muka rufe ɗiyata ta fari a Dareta. Ni ban yi boko ba. Ɗiyarta Nafisa ce riƙe da alƙalami, ni nake faɗa, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara mani magana ko da ta yi ɗaci.

Marigayiya ta bar mani 'ya'ya mata biyu: Nafisa, wadda yanzu take jami'a tana karatun halayyar ɗan Adam, da ƙanwarta Ummi. Ummi ta zama budurwa a jiki, amma har yau in ka aike ta gishiri sai ta dawo da ashana. In ranta ya ɓaci, kwano take jifa da shi. A kanta muka saɓa da uwarta.

Shekarar da yara suka yi ta mutuwa a garinmu, maza ke kawo dutsen zinariya gida, mata su daka. Turmina ya fi na kowa girma a unguwa, na uwata ne, shi na ara wa gidan ɗiyata. Da safe a daka dutse, da azahar a ɗauraye a surfa geron kunun yara. Da masu magani suka zo suka ce gubar dalma ce, aka kwashe ƙasar gidaje, aka ba yara magani. Ummi ta sha jijjiga, ta tashi. Ni a lissafina, wanda gubar ta kama ya tafi, wanda ya rayu ya tsira.

Da ta shekara huɗu ba ta haɗa magana, sai na nemo nawa dalilin. Na ce uwarta ce ta shimfiɗe ta a gindin tsamiya da tsakar rana ta tafi rijiya, iska ta shafe ta. A gidan suna na faɗa, cikin mata. Ɗiyata ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, ba tsamiya ba ce. Ƙurar dutsen ga ce." Na ce ta rufe mani baki. Na kai yarinya wajen masu tofi har Gummi. Bayan shekara ɗiyata ta rasu wajen haihuwa, ban janye maganata ba.

A hutun nan da ya wuce, da hantsi, ina ɓarar gujiya, Nafisa na danna waya tana tsaki.

"Mi ya faru? Saurayin ya yi shiru?"

"Tsohuwa, kwas nake zaɓe na zango mai zuwa. Biyar dole ne, ɗaya ni zan zaɓa, kuma jibi za a rufe rajista."

"Karatun ma zaɓensa ake kamar atamfa?"

Ta ce biyu ne a gabanta. Ɗaya kan halin ma'aikata a ofis, shi ƙawayenta suka ɗauka don malamin ba ya kayar da mutum. Ɗayan kan ƙwaƙwalwar yara da abin da ke tauye ta. Ta ce, "Shi nake so, shi kuma nake tsoro."

Na ce ta faɗa mani abin da ke ciki. Ta ambaci yunwa, ta ambaci zazzaɓi mai tsanani, sannan ta ce dalma. Wai yaron da dalma ta shiga jininsa yana iya rayuwa, amma jinkirin magana da mantuwa da saurin fushi su bi shi har girma.

Jama'a, faifan gujiyar a ƙasa na gan shi. Ban ji lokacin da ya bar cinyata ba. Ga Ummi can bakin murhu tana yi wa akuya dariya. Na ce, "Sake faɗa." Ta sake. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kunnuwana suka toshe, ba abin da nake ji sai muryar ɗiyata a gidan sunan nan.

"Dama kin sani?"

"Tun shekarata ta farko a jami'a, Kaka. Na rasa ta inda zan faɗa maki. In na shiga ajin nan, duk mako Ummi za a riƙa kwatanta mani, in dawo gida in dube ki."

Abu ɗaya ne ba ta sani ba, shi na faɗa mata: turmin nawa ne. Ta tashi ta shiga ɗaki, tuwon rana bai ga hannunta ba. Na zauna ina tunanin ko jikar ma na rasa ta.

Bayan la'asar ta fito, idanu a kumbure, ta durƙusa ta miƙo wayar. "Kawo yatsa, Tsohuwa. Nan za ki danna." Na danna. Kwas ɗin yaran ta ɗauka.

Nakan tambayi kaina abin da marigayiya za ta ce da tana raye. Mace ce da ba ta taka aji ba, ga maganarta an sa a takardar jami'a, ɗiyarta za ta zauna jarrabawa a kanta. Na san halinta, ba za ta ce ai na faɗa ba. Kai za ta sunkuyar, kuma wannan ya fi ci mani rai.

Turmin na sa an faskara shi an binne. Tsamiyar tana nan tana ba da inuwa. Abin da ya rage na ɗiyata shi ne yaran nan biyu, da gaskiyar da ta faɗa sau ɗaya a hankali, ta jira ni shekara goma sha uku.

Ɗiyar fari ce, don haka saboda alkunya ban taɓa kiran sunanta ba, ko ranar da aka ɗauke ta. Nafisa, rubuta da kyau, kowa ya gani. Rabi'atu, ke ce da gaskiya. Ki yafe wa Inna. Allah Ya haskaka kabarinki.