Shekara Biyar Ba Kawu Lawal, Mai Neman Ɓatattu

Cikin daminar nan Kawu Lawal, ƙanen mahaifiyata, ya cika shekara biyar a kabari. Yawancin mutanen Jibiya da facin taya suka san shi, a 'yar rumfarshi ta bakin hanya inda manyan motoci ke tsayawa kafin su tsallaka Maraɗi. Amma akwai gidajen da ba da faci suka san shi ba. Su ne gidajen da aka taɓa duba tsakar gida aka ga mutum ɗaya ba ya nan: yaro ya bi awaki bai dawo ba, tsoho ya fita da buta ya manta hanyar gida, mai taɓin hankali ta miƙe ta yi daji. Gidanmu na cikinsu. Shi ya sa na ɗauki biro, duk da karatuna bai yi nisa ba.

Su Kawu, masu neman ɓatattu, ba hukuma ba ne, kuma ba 'yan banga ba ne. Ba mai bindiga a cikinsu. Akwai 'yan kabu-kabu, akwai mahauci, akwai makiyaya biyu da suka san daji kamar tsakar gidansu, akwai kuma wasu daga tsallaken iyaka, don wanda ya ɓata ba ya sanin inda Najeriya ta ƙare. Kayan aikinsu sanda doguwa, igiya, usur da jarkar ruwa. In an kira su, rijiyoyin lambu suke fara dubawa, sai kwazazzabai, sannan su jeru kafaɗa kusa da kafaɗa su ratsa daji a hankali, kowa na ganin na kusa da shi. Kawu ba ya yarda a tsinke layi, ko wa ya ga me. Ina yarinya ina jin Inna tana mashi tsiya, wai tayoyin mutane na kwance a rumfa shi yana can yana leƙen rami. Sai ya yi dariya ya ce taya ba ta jin ƙishirwa.

Ranar da aikinshi ya zo kaina, muna gona ne ta wajen Gangara. Gero ya yi tsawo ya rufe mutum. Mu mata muna tsinkar ganyen wake, ina goye da Hauwa'u, shi kuma yaron, na farin, yana gindin aduwa da sauran yara. Shekararshi biyar lokacin. Sai muka ji ƙarar babura da yawa ta cikin daji. Wata ta ce ga su nan. Ba wanda ya tsaya tambayar su wa. Kowa ya yar da abin hannunshi, yara suka watse cikin gero, muka yi ta gudu har cikin ƙauye. Da aka natsu aka ce 'yan fetur ne da jarkokinsu suke bin hanyar daji za su tsallaka iyaka. Mutane har sun fara dariya. Ni ina ta duba kawunan yara. Kowace ta ga nata, ban da ni.

Sai in faɗa wa wanda ba ɗan nan ba abin da muke koya wa 'ya'yanmu. Tun yaro na fara magana ake ce mashi: in ka ji babura a daji, ka shige inda ya fi duhu, ka kwanta, ka yi shiru. Ko an kira sunanka kar ka amsa, don mutanen dajin nan sukan tambayi sunayen yara su kira su da shi. Ni ma haka na koya mashi, kullum, har yana ƙarasa mani maganar.

Kawu ya iso da mutanenshi bayan azahar, hannunshi baƙi ƙirin da dattin taya. Ya sa aka bar babura a ƙauye. Ya tambaye ni wane takalmi ne a ƙafar yaron, ya ci abinci ko bai ci ba, me ya fi tsoro. Ina ba shi amsa ina kallon gabas, don hadari ya fara haɗuwa. Bayan gonar akwai wani kwazazzabo mai zurfi. Kowa ya san halinshi: ko nesa aka yi ruwa, kafin ka ankara ya cika ya taho da itace da tumaki. Ba wanda ya ambaci kwazazzabon, amma na ga idon kowa na zuwa can.

Suka jeru suka shiga, da maigidana da ƙannenshi. Aka bar ni a bakin gona da surukata. Muna jin su suna ta kiran sunan yaron, muryoyin na nisa suna dawowa. Wani ya tsinci silifas ɗinshi ƙafa ɗaya. Aka kawo mani shi. Na zauna a kan kunyar gona, Hauwa'u na kuka a bayana ban ma san tana yi ba.

Can sai ga Kawu ya fito shi kaɗai. Ya tsuguna a gabana ya tambaye ni me na koya wa yaron game da daji. Na faɗa mashi. Sai ya busa usur, kowa ya yi tsit. Ya ce wa mazan, wai yaron nan na jin su, biyayya yake yi, kuma duk ƙarin kiran da suke yi ƙara cusa shi rami suke yi. Ya ce ba mai sake buɗe baki. Uwarshi za ta kira shi.

Ɗan fari ne, kuma sunan mahaifin maigidana gare shi. Tun ranar suna ban taɓa furta sunan nan ba, ko ina ni kaɗai a ɗaki. Ko yanzu da nake rubutu hannuna ba zai rubuta shi ba. Ga maigidana, ga ƙannenshi, ga surukata, tsohuwar da sunan mijinta ne. Ita ce ta dafa ni ta ce, “Kira, 'yar nan. Yau ba ranar kunya ba ce.”

Na kira. Sunan ya fito mani kamar ba da harshena ba. Na sake kira ina kuka, na yi ta kira ina shiga cikin gero har muryata ta dishe. Ba amsa. Iska ta taso, geron na ta kwanciya yana tashi. A nan ne na haƙiƙance ya mutu. Na ce a raina yaron da ya ji uwarshi na kuka bai fito ba, ba ya da rai, ko kuma ba 'yan fetur kaɗai suka wuce ba.

Kawu na gefena yana ta kallon bakina. Sai ya dafe kai.

“Ni ne wawa,” in ji shi. “Ɗiyata, ya taɓa jin sunan nan a bakinki?”

Na girgiza kai.

“To in tuwo na hucewa yana waje, ya kike kiran shi?”

Na ce “kai” nake cewa.

“Da kuka?”

“Da faɗa.”

“To yi mashi faɗa.”

Na ce Kawu ba zan iya ba. Ta ya zan yi wa yaron da ban san ko yana numfashi ba faɗa? Ya ce zan iya, wai duk zuriyarmu ba wadda ta gaji bakin Yaya, wato Inna, kamata, shi shaida ne, da wannan bakin aka raine shi. Ban yi dariya ba, shi ma fuskarshi ba dariya. Ya kama bakin mayafina ya ja ni zuwa gaɓar kwazazzabon, ya ce mu bi ta a hankali, in yi kamar ina ƙofar madafa.

Na share fuska na fara. Ya ce wannan ai lallashi ne, in ƙara zafi. Na rufe ido na tuna ranar da yaron ya zubar mani da manja, na ɗaga murya: “Kai. Kai ɗan nan, wai ba da kai nake ba? Ka fito ka wanke hannu tuwo na hucewa. In na zo da kaina ka san sauran.” Muka yi gaba kaɗan, na maimaita. Muka ƙara gaba. Maza na biye da mu a baya shiru kamar masu rakiyar gawa, ni kuwa ina ta zazzaga masifa a kan tuwon da ban dafa ba, hawaye na shiga mani baki. Yayyafi ya fara sauka.

Kawu ne ya fara ji. Ya matse mani hannu. Ƙarƙashin ƙafafunmu, inda ruwa ya ƙwaƙule gaɓa a gindin wata geza, wani abu ya motsa. Ramin bai fi na kare ba, saiwoyi sun rufe bakinshi, mazan sun riga sun wuce ta kanshi suna kira. Sai ga kai ya leƙo, duk ƙasa, tururuwa ta cije mashi wuya da hannuwa. Ya dube ni a tsorace, yana jiran duka, ya ce, “Inna, ban amsa masu ba.”

Kawu ya dira ya miƙo shi. Yana ta tsokanar shi wai ga ragon maza, an ce zai ƙwace mashi mata ashe a rami yake kwana. Ya ba shi ruwa. Ba mu kai ƙauye ba ruwan sama ya sauko. Washegari maigidana ya koma wurin, ya ce ramin ya cike da laka har baki.

Daga baya na tambayi yaron ko bai ji ni ba da farko. Ya ce ya ji wata mata na kiran sunanshi tana kuka, ya san dabara ce, don ni ba na kiran sunanshi kuma ba na kuka.

Tun daga ranar Kawu ya canza tambayarshi. In ya je gidan da aka yi ɓata, kafin takalmi, kafin komai, sai ya ce ya ake kiran shi a gida, wa ke kiran, da wace murya. Bai daɗe yana wannan tambayar ba. Damina ta zagayo, aka kira su neman wani tsoho ta wajen Farfaru, kububuwa ta sare shi a cikin ciyawa. Waɗanda ke wurin sun ce ya zauna ya ɗaure ƙafar da kanshi, ya ce mutum biyu su kai shi, sauran kar su tsinke layi. Sun samu tsohon da ranshi. Kawu ya yi 'yan kwanaki a asibiti, Allah ya karɓi abinshi.

Ina yawan tambayar kaina me zai ce da ya ga yau. Abokan aikinshi na nan, wasunsu. In yaro ya faɗa rijiya ko ruwa ya ja wani, suna fita da igiyarsu, Allah ya saka masu. Amma akwai dajin da ba sa shiga kuma. Da, sawu ne ke ɓacewa a yi ta nema. Yanzu sawun na nan a fili, na babura, kowa na ganin inda ya nufa, ba mai iya bi. Ɗaya daga cikin makiyayan nan ya ce wa maigidana abin da ya fi ci mashi rai ke nan, ya tsaya a kan sawu da sandarshi ya juyo gida. Ban san ko Kawu zai iya juyowa ba. Wani lokaci ina jin kewarshi har in rasa inda zan sa kaina, wani lokaci kuma in ce gara da bai gani ba, don na san da ya bi.

Gonar Gangara mun bar ta. Muna noma 'yar wadda ke kusa da gari, ita ma da ido ɗaya a hanya. In babur ya wuce da gudu a lungunmu, sai na ƙirga yarana da ido kafin in ci gaba da abin da nake yi. Hauwa'u ta wuce shekarun da yayanta ya ɓata, akwai kuma ƙaramin da ya fara tafiya. Duk na koya masu abin da na koya wa na farin, don ban ga abin da ya canza ba sai ƙaruwa: ku ɓuya, ku yi shiru, kar ku amsa. Na dai ƙara masu ɗaya, sai kun ji faɗana.

Wannan ƙarin ne ya hana ni sukuni. Wata rana ina tankaɗe sai tunani ya faɗo mani: in ni aka ɗauka fa? In ni ce a bayan babur ɗin, su suna cikin rami suna jiran faɗan da ba zai zo ba, hadari na haɗuwa? Na ajiye rariyar na shiga gidan maƙwabciyata Rabi, na faɗa mata. Ita ma tana da uku. Ba ta ce ina da yawan tsoro ba. Muka yi shawara a tsakaninmu: ta riƙa yi wa nawa faɗa, in riƙa yi wa nata, kullum, da dalili ko ba dalili, har kunnensu ya riƙe murya ta biyu. Mun faɗa wa yaran ko wacce suka ji a cikinmu, su fito.

Mutanen unguwa na cewa mun cika masifa, mu da ba ma barin 'ya'yan juna su sha iska. Ba mu yi masu bayani ba. Kawu bai bar gida ba, bai bar gona ba, rumfar ma wani ke faci a ciki yanzu. Abin da ya bari a wurina shi ne wannan hayaniyar da ke tsallaka katanga safe da yamma. Jiya Hauwa'u na ƙuryar ɗaki ta ɓuya don kar a aike ta, Rabi ta ɗaga murya daga gidanta, ba ta ma ga yarinyar ba. Sai ga ta ta fito tana tura baki tana cewa ita me ta yi. Na juya mata baya don kar ta ga fuskata.

Allah ya jiƙan Kawu Lawal, ya sa ya huta. Mu kuma Allah ya sa kar ranar ta zo.