Abincin Maƙwabciya Da Na Zuba A Shara

Ranar da abin ya faru mu biyar ne a ɗakin: ni, da 'yata mai jego, da mijinta, da jaririn da aka raɗa wa suna da safe, sai wata tsohuwar Baturiya da ke zaune a ƙasan benensu a Monreyal. Ni a lokacin ba a kawo mini wargi. Na tsufa ina sayar da bandar kifin tafkin Lagdo a kasuwar Garwa, ban yi boko ba, wannan ma jikata ce ke rubuta mini, amma idona ba ya barin komai ya wuce. Wankan jego ne ya kai ni Kanada, kuma tun da na sauka hankalina bai kwanta ba. Ana cin burodi da ganye mai sanyi a tsaye, maƙwabci ba ya shigowa sai ya yi waya, ƙofa kullum a rufe. Sai in tashi in leƙa taga, in zauna, in sake tashi.

Tsohuwar ta shigo da faranti a lulluɓe, wani abu kamar gurasa da niƙaƙƙen nama a ciki. Na zuba mata tuwon masara da miyar yakuwa, sai ta hau tambayar 'yata me aka sa, akwai gishiri da yawa ne. Ta ɗanɗana cokali ɗaya ta ajiye. A wurinmu wadda ta binciki tukunyarki ta zage ki. Da ta miƙo mini nata na ce alhamdulillahi na ƙoshi, yadda mai kunya ke yi, ina jira ta matsa. Ba ta matsa ba, ta ce to.

Bayan ta fita na yi ta kewaya farantin nan. Zuciyata ta ce naman alade ne, kuma ko ba shi ba ne, mai jegon da nake ba kunun kanwa da gasasshen nama ba za ta ci abin da ya huce ba. Ban tambayi kowa ba. Da 'yata ta yi barci na sauka na juye shi a shara, ni da nake dukan yaro a kan loma guda ta faɗi ƙasa. Surukina ya taɓa nuna mini cewa ragowar abinci da kwalaye kowanne da mazubinsa, na ce masa shara dai shara ce. Cikin na kwalaye na zuba. Ashe tsohuwar ce ke fitar da mazuban gidan bakin titi, ta kuwa ga abincinta a ciki.

Da la'asar 'yata ta zauna gabana ba ta dube ni ba. Ta ce da ni ko na san wadda na wulaƙanta? Ranar da naƙuda ta kama ta mijinta na wurin aiki, ƙanƙara ta rufe hanya, wannan tsohuwar ce ta kai ta asibiti a mota, ta riƙe hannunta har ta haihu. Naman kuwa ƙetare gari ta yi ta sayo wurin mahauci Musulmi, har faranti sabo ta saya. Gishiri likita ya hana ta, kuma a nan tambayar abin da ke cikin miya ba zagi ba ne. Yanzu ga shi 'yata tana kiran tsohuwar a waya ba ta ɗauka. Sannan ta ce ni zan koma Garwa cikin dangi, ita da jaririn wa zan bar musu?

Duk sa idon da nake taƙama da shi, na ga faranti ban ga matar da ta kawo shi ba. Ku iyaye mata da 'ya'yanku ke aiko muku tikiti, ku tambaya kafin ku yanke hukunci. Ku baƙi ne, za ku tafi, su ne za su zauna da maƙwabtan da kuka ɓata.

Washegari da safe na dama kunun gyada, na sa 'yata ta koya mini sunan shinkafa da gyada da tsamiya da Faransanci. Na sauka ni kaɗai na ƙwanƙwasa. Tsohuwar ta buɗe ƙofar kaɗan. Na miƙa kwanon, na lissafa mata abin da ke ciki tun ba ta tambaya ba. Ta daɗe tana kallona, sannan ta wangale ƙofar ta nuna mini butar shayi. Wannan karon ban ce na ƙoshi ba. Na cire takalmina na shiga.