Takardar da ruwan leda ya wanke

Sau biyu motar kwashe gajiyayyu tana ɗauke ni a gudun fanfalaƙin da ake yi daga wani ƙauye da ke hanyar Nguru har zuwa Gashuwa. Kilomita arba'in da biyu ne, kuma duk wanda awa biyar ta cika yana kan titi, mota ce za ta ƙarasa da shi. Matata har cewa take in riƙa kama kujerar gaba tun da wuri. Abin yana yi mini ciwo, na ƙudura a na uku da ƙafata zan shiga gari.

Ni malamin lissafi ne, don haka na yanki siririyar takarda na jera lokacin da ya kamata in kai kowane kilomita, na naɗa ta a wuyan hannu kusa da agogo. Aikinta ta hana ni rawar kai, domin gaggawar farko ce take kashe ni.

Da aka busa usur bayan asuba, jama'a suka zuba a guje kamar an ce gobara. Takarda ta ce in bi a hankali, na bi. A gefena akwai wani dattijo siriri mai furfura, takalmin roba a ƙafarsa, ba agogo, leɓunansa suna motsi. A kilomita biyar muna tare, a goma ma haka. Duk alamar da takardata ta ce in taka a minti kaza, sai in ga ƙafarsa a kanta. Tun ina ɗauka dace ne har tsigar jikina ta fara tashi.

Wajen kilomita ashirin da bakwai rana ta buɗe. Na fasa ruwan leda na kwarara a kai, ya gangaro hannuna. Da na duba, tawada ta narke, ba lamba ɗaya da ke karantuwa. Na yi ƙoƙarin lissafi da ka, ni da nake koyar da shi, bakwai sau tara ta gagare ni. Tsoro ya kama ni, na ƙara wuta.

"Malam, dawo nan," in ji dattijon. "Ka bi ƙafata."

"Baba, da me kake aunawa?"

"Salati. Na san adadin da ke kai ni kowace alama. Da shi nake tuƙa kwalekwale tun ba a haife ka ba."

Na bi shi. Muka yi ta wuce samarin da suka tsere mana da safe, wasu zaune a gindin bishiya, wasu na ɗingishi. Ban ƙara kallon agogo ba sai da muka taka layin ƙarshe a Gashuwa. Saura minti huɗu awa biyar ta cika.

Ina kwance ina haki na ji mai rubuta sakamako yana tambayar dattijon ko lafiya, shi da bara ko awa huɗu bai yi ba ya gama.

"Lafiya lau," ya ce. "Bara ma na ga malamin nan a cikin mota. Bana na ce sai dai mu shigo tare."